Bakin Gareji: Tambayoyinku kan ɗaura bodin alminiyum a motar haɗin gida

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon wasiƙun da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ɗaura fallayen alminiyum a jikin motar da mutum ke haɗawa da hannunsa a gida, shi ya sa na tattaro su wuri guda. Ga wanda bai san harkar ba, akwai kamfanoni musamman a Ingila da Amurka da ke sayar maka da mota a wargaje, shasi daban, bodi daban, kusoshi a leda, kai kuma ka nemo inji da giya ka zauna a garejinka ka haɗa, ita ce ake kira motar kit. Abin ya yi tashe ne tun 1957 da Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, a lokacin in ka sayi mota a wargaje a Ingila ba ka biyan harajin sayen da ake ɗora wa sabuwar mota, a 1973 kuma Caterham suka sayi haƙƙin ƙera ta kuma har yau suna yi. To ga wasiƙun.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Zariya ne ina zaune a Leicester ta Ingila, na sayi kit mai siffar Seven, inji da giya na tsohuwar Mazda MX-5 ne. An kawo min shasi da fentinsa, ga fallayen alminiyum wasu an yanka wasu har an lanƙwasa, to ni dai ɗokin in ga ta fara kama da mota ya sa na ɗauki fallen gefe na fara hudawa ina buga ribit (ƙusar nan da ake zurawa a rami a ja ta da inji ta kumbura ta ciki ta riƙe) tun daga gaba, ina zuwa tsakiya sai na ga fallen ya yi tumbi, ƙarshensa kuma ya zarce ƙarfen da kusan rabin yatsa. Yanzu dai na tsaya. In danne shi da ƙarfi in ci gaba ko in cire? Kuma wane falle ake fara sawa?

AMSA: Ɗan'uwa cire shi, kar ka danne. Fallen da ya yi tumbi in ka tilasta masa da ribit tumbin ba ɓacewa yake ba, gaba yake matsawa, kuma ran da ka fito da motar rana tun daga nesa za a ga gefen ya yi tudu da kwari, alminiyum ba ya rufa wa mutum asiri ko kaɗan balle in ba fenti za ka yi masa ba. Cirewar ba wuya, ka samu siririyar ƙusa ka buga guntun ƙarfen nan da ke tsakiyar ribit ya faɗa ciki, sannan ka sa bakin diril daidai girman ramin ka ci kan a hankali, za ka ga kan ya ɓalle ya maƙale a bakin diril ɗin, nan za ka tsaya. Kar ka zurfafa don in ramin ya faɗaɗa dole ka koma ribit na gaba da shi a girma. Gutsattsarin da suka faɗa cikin bututun shasi za su riƙa ƙaras-ƙaras in mota na tafiya, amma in ka gama ka fesa kakin hana tsatsa irin su Waxoyl a cikin bututun zai riƙe su.

Abu biyu ne suka ja maka, ka fara daga baki ɗaya maimakon tsakiya, kuma ka sa na dindindin tun falle bai zauna ba. Ni a wurina duk sha'anin nan a kan wannan ya tsaya, ribit shi ne aiki na ƙarshe a kan kowane falle, kafin shi sai falle ya hau ya sauka ya sake hawa har sai ba abin da ya rage da za a gyara. Akwai wasu 'yan maƙalai masu sifirin a ciki da ake kira Cleco, daga masu ƙera jirgin sama aka samo su, kana matsa su da filayarsu ka zura a rami su riƙe falle da ƙarfe gam, in ka so cirewa ka sake matsawa su fito, kamar dai yadda tela ke kafa allurai ya gwada riga a jiki kafin ya hau keke. A Ingila ba su da tsada, ka sayi hamsin ko fiye masu girman ribit ɗinka, wallahi duk cikin kayan aikin nan ba abin da zai biya ka kuɗinsa kamar su.

Ga yadda ake bi. Ka ɗora fallen ka matse shi da kulam, wato abin matse abu biyu wuri ɗaya, ka sa ɗan katako ko kwali tsakanin kulam da alminiyum don kar ya bar shaida. Ka zagaya ta ciki da maka ka zana gefe biyu na kowane bututu a bayan fallen, ka sauke shi, sai ga taswirar shasin a jiki, ka ja layi a tsakiyar kowane zane ka sa ɗigo duk bayan milimita 50 wato inci 2, ka auna yadda na farko da na ƙarshe za su yi daidai don ido na ganin ribit ɗin da bai bi sahu ba. Ka guji sa ɗigo dab da kwana inda aka yi walda, wurin yana da tauri kuma sau da yawa bakin diril zai ci karo da bangon wani bututun ya karye, ka kuma duba ko bakin injin ribit ɗinka zai iya shiga wurin, mutane da yawa sai sun huda suke gane cewa injin ba ya kaiwa. Ka huda fallen a kan benci da katako a ƙarƙashi, ka mayar da shi jikin shasi, to yanzu ne za ka huda ƙarfen ta cikin waɗannan ramukan, ka fara daga TSAKIYA, rami ɗaya Cleco ɗaya, kana shafa fallen da tafin hannu kana kora shi zuwa waje hagu da dama. In akwai rara za ta fita ta baki ka yanke, ba za ta taru a tsakiya ba.

Bayan nan ka sake sauke shi gaba ɗaya, na san ran mutum ba ya so amma wannan saukewar ba a tsallake ta. Kowane rami ya bar ɗan kaifi a baya, kuma tsakanin falle da bututu akwai 'yan murɗaɗɗun ɓarɓashin ƙarfe, in ka bar ko ɗaya ka ja ribit a kai za ka ga ɗan ƙurji ya taso a fuskar fallen gefen ribit, ba ya gyaruwa, kuma daga nan tsatsa ke farawa. Ka ɗauki babban bakin diril ka murza shi da yatsu a bakin kowane rami sau ɗaya ko biyu, ka share, ka ɗiga fenti ko mai hana tsatsa a ramukan shasi tunda hudar ta fasa fentin da aka yi masa, ka goge wuraren da gam zai hau da abin cire maiƙo. Sannan ka ja siririn layin gam na foliyuretan irin Sikaflex a kan bututun, ka ɗora, ka mayar da Cleco, ka riƙa cire ɗaya kana buga ribit ɗaya, nan ma daga tsakiya. Gam ɗin nan ba ya jira, cikin awa ɗaya ko ƙasa ya fara yin fata, don haka komai ya zama a hannu kafin ka fasa bakinsa, kuma falle ɗaya a lokaci guda.

Batun girma, na gefe da na ciki ribit mai milimita 3.2 ya isa, bakin diril 3.3, na daɓen ƙasa kuma gara mai 4.8 da bakin diril 4.9. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kar ya gaza ninki biyu na kaurin ribit in ba haka ba bakin zai yage. Ka kuma duba tsawon da ribit ke iya kamawa, yana rubuce a jikin kwalinsa, falle mai 1.2 da bangon bututu mai 1.6 sun ba ka kusan milimita 3 ke nan, in ya yi gajere ba zai kumbura da kyau a ciki ba, in ya yi tsawo da yawa zai lanƙwashe ya saki. Na ƙasa da duk inda ruwa ke fantsama ka nemi mai rufaffen gindi don kar ruwa ya bi ta tsakiyarsa ya shiga bututu. Ribit ɗin ɗaruruwa ne fa, in kana da kwamfuresa ka sayi injin iska, hannunka zai gode maka kuma jan zai zo daidai.

Wanne ake fara sawa kuma, littafin kit ɗinka ne gaba da maganata don wasu sai an sa gefe kafin hannayen tayar gaba su shiga ta cikinsa. Amma galibi daɓe ake farawa tun shasi ba nauyi ana iya kifa shi, sai bangon bayan kujera da wurin ƙafa. Ramin tsakiya inda furofela ke bi kar ka rufe shi sai bututun birki da na mai da wayoyi sun gama zama. Murfinsa na sama da duk inda za ka so komawa wata rana, kan tankin mai, kan fedoji, kar ka sa musu ribit sam, ka sa noti irin wanda ake dasawa a rami ka ɗaure da sukuru. Na gefe kuwa in littafin ya ba ka dama ka huda su ka gwada ka ajiye a bayan ƙofa sai can ƙarshe, don watanni za ka yi kana jingina da motar da sifana a aljihu. Ledar da ke manne a fuskar fallen ka bar ta, layin ribit kawai za ka ɓare, sai dai kar ka bar ta a rana ta daɗe don tana kamewa ta ƙi fita.

TAMBAYA: Oga ina wuni. Ni mai walda ne a Kaduna kusa da Panteka, na ga zanen wata mota da ake kira Locost a intanet na haɗa shasin da kaina da fayif mai kusurwa huɗu na milimita 25. Kwanon rufi na alminiyum yana da araha a nan, zai yi min bodi? Na kuma gwada naɗe wani falle a kan fayif ɗin baya sai ya tsage a kwana, me ya jawo?

AMSA: Sannu da ƙoƙari maigida, wasiƙarka ta faranta min rai, don ita Locost dama tun fitowarta a Ingila a 1996 don irinku aka yi ta, mutum ya yanka fayif ya yi waldarsa ya ciro inji daga tsohuwar Ford Escort, ba sai ya sayi kit ba. Amma kwanon rufi kam a'a. Yawancin wanda ke kasuwa tsakanin milimita 0.45 ne zuwa 0.7, ribit zai yage shi, yaro ya jingina ya loɓa, a kan hanya kuma ya riƙa kaɗawa yana ƙara. Gefe da baya da bonet kana son 1.2, daɓe kuma 1.5 zuwa 2, ko ma tunda kai mai walda ne ka yi daɓen da fallen ƙarfe ka walde shi, da yawa masu Locost haka suke yi. Kar nauyi ya dame ka, murabba'in mita ɗaya na alminiyum mai 1.2 kilo 3 ne da 'yan kai, na ƙarfe mai wannan kaurin ya haura kilo 9, ka ga ko ka ɗauki mai kauri riba na nan. In za ka kasuwa ka tafi da abin awon kauri naka na kanka, kar ka tsaya ga abin da aka faɗa maka da baki.

Tsagewar kuma abu biyu ke kawo ta. Na farko irin fallen, don alminiyum kala-kala ne, akwai mai lamba 1050 da 3003 masu laushi da ke bin hannu, akwai 5052 da 5251 masu ɗan ƙarfi da su ma suna lanƙwasuwa kuma suna jure ruwa, akwai kuma 6061-T6 wanda in ka matsa masa kwana mai kaifi tsagewa zai yi. Mu a kasuwanninmu ba kasafai za ka ga lamba a jiki ba, to ka roƙi ɗan guntu ka matse a bais ka lanƙwasa shi, in bayan kwanar ya yi fari-fari da 'yan tsage ƙanana ka bar shi don wuraren da suke miƙe, ka nemi wani don kwana. Ka kuma lura da 'yan siraran layukan da ke fuskar falle, lanƙwasar da ta gitta su ta fi wadda ta bi su jurewa, kuma kar ka yi kwana a kan kaifin ƙarfe, ka ɗan zagaye bakin abin da kake lanƙwasawa a kai.

Na biyu, alminiyum yana ƙara tauri ne da duka, duk bugun da ka yi masa yana ƙara ƙagewa har ya kai inda ba zai ƙara miƙuwa ba sai ya fashe. Maganinsa wuta, amma da dabara, don shi ba ya yin ja kamar ƙarfe ya gargaɗe ka, yana nan fari sai kawai ka ga ya zube, a digiri 660 yake narkewa. Ka samu sabulun wanki na sanda ka goga layi-layi a wurin da za ka lanƙwasa, ka kunna wutar gas mai laushi ka riƙa yawo da ita ta ɗaya fuskar, kar ka tsaya wuri ɗaya, za ka ga layin sabulun ya fara yin ruwan ƙasa sannan ya koma baƙi, da ya yi baƙi ka janye, zafin ya kai wajen digiri 400 ke nan. Ka bari ya huce ka wanke, za ka ji ya yi laushi har da yatsa kana iya tura bakinsa. Iya bakin da za a naɗe kawai za ka gasa, in ka gasa fallen duka ya zama lagwani.

Fallen baya shi ya fi kowanne wahala a motar nan don yana zagaya kwana biyu kuma bakinsa na sama yana naɗe zagayayyen fayif. Ka fara yin sa da kwali tukuna, kwalin firij ko na talabijin, ka gwada ka yanka har ya zauna, sannan ka kwafa a kan alminiyum ka bar 'yar rara. Ka kama tsakiyar baya da farko, ka zagayo kwanonin a hankali kana matsewa da katako da kulam. Leɓen da za ka naɗe kar ya yi yawa, iya abin da zai rufe fayif ya ɗan shiga ciki, in ya yi yawa a kwana zai tattare ya yi ninki. Gudumar katako ko ta roba za ka sa ba ta ƙarfe ba, kuma kar ka ce sai ka kwantar da wuri ɗaya gaba ɗaya kafin ka matsa, ka bi layin duka ka ɗan karkatar da shi, ka dawo ka ƙara, ka sake dawowa, in ka ji ya fara ƙin bin guduma ka tsaya ka sake goga sabulu. In akwai tsohon fanel bita a layinku ka kira shi ya tsaya maka a kwanar farko, hannunsu ya san abin nan.

Sai 'yan abubuwan da na san mai walda zai iya yi bisa sabo. Kar ka ja layi da ƙusa a inda za a lanƙwasa, wannan ƙarcen nan ne tsaga ke bi, fensir ma ka bar shi, maka ta isa. Kar ka sa dutsen giranda na ƙarfe a kan alminiyum, yana toshewa ya yi zafi har ya iya fashewa a hannunka, almakashin kwano ko zarton jigso da magagari sun wadatar, in magagarin na toshewa ka goga masa alli. Duk wata walda, maƙalin salansa ne ko na lagireto ko na kujera, ka gama ta ka yi wa shasi fenti kafin falle ɗaya ya hau. Kuma don Allah kujera da bel ɗinta a jikin ƙarfen shasi ake ɗaure su, ba a jikin alminiyum ba ko da kaurinsa nawa ne, ran da aka yi karo noti zai ratsa fallen ya fice, wannan maganar rai ce.

Ranarmu ma ka sa ta a lissafi. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, falle mai tsawon mita ɗaya in zafinsa ya ƙaru da digiri 40 zai fi bututun da ke ƙarƙashinsa miƙewa da kusan rabin milimita. Ka yi aikin a inuwa, falle da shasi su kwana wuri ɗaya, kar ka ɗauko wanda ya sha rana a tsakar gida ka buga a kan shasi mai sanyi.

TAMBAYA: Malam ni 'yar Maraɗi ce ina aikin injiniya a Manchester. Na sayi tsohuwar motar kit da wani ya haɗa, da na ɗaga kafet sai na ga farin gari ya kewaye kawunan ribit na daɓe, wasu har suna juyawa in na taɓa. Abin tsoro ne?

AMSA: Hajiya ba abin tayar da hankali ba ne amma kar ki bar shi ya ƙara hunturu ɗaya. Duk inda alminiyum ya taɓa ƙarfe kai tsaye kuma ruwa ya shiga tsakani, wata 'yar wutar lantarki ce ke tashi kamar ta batir, kuma alminiyum ne ke cinyewa, farin garin nan shi ne tsatsarsa. Gishiri yana ƙara wa abin gudu sosai, ku kuma can gishiri ake watsa wa titi duk lokacin sanyi. Duk wanda ya san tsofaffin Land Rover da suka yi aiki a ƙasashenmu ya ga irin wannan, tun 1948 da alminiyum aka yi bodinsu saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, jikin ba ya tsatsa amma ki duba gindin ƙofa inda fatar ta naɗe firam na ƙarfe, nan fenti ke kumbura ya fashe da farin gari. Mu busasshiyar iskarmu tana rage abin, ku kuwa danshi ba ya ƙarewa.

Ki ɗaga motar ki cire ribit ɗin da suka saki, in sun yi yawa ki sauke daɓen duka. Abin da na fi so ki duba ma ba fallen ba ne, bututun shasi na ƙasa ne, ki ƙwanƙwasa su ki tsokana da sukudireba, falle ana canza shi da arha amma bututun da ya ci daga ciki aikin mai walda ne kuma shi ke riƙe da ke. In ƙarfen lafiya lau, ki kankare ki yi fenti, fallen ki goge shi da buroshin da bai taɓa taɓa ƙarfe ba, in ramukan sun faɗaɗa ki koma ribit mai girma ko ki huda sababbi a tsakanin tsofaffin ki toshe na da. Wajen mayarwa gam ya raba su ko'ina, kuma ki tsoma kowane ribit a man Duralac, wannan rawayan da ke hana alminiyum da ƙarfe cin juna, ki sa safar hannu don yana da guba. Silikon mai warin tsami irin na banɗaki kar ya je wurin, asid yake fitarwa yana bushewa. Kar kuma ki wanke alminiyum da soda mai ci, narkar da shi take yi. Kafet ɗin nan shi ya riƙe ruwan, ki sa wanda ake cirewa a shanya, ki huda 'yan ramukan zubar ruwa a inda daɓen ya fi gangara.

TAMBAYA: Ni da ɗana mun haɗa kit na kamfanin Factory Five mai siffar motar Cobra a nan Ohio ta Amurka, injin Mustang muka sa. Matsalar ƙafa tana gasuwa, kuma wani lokaci muna jin warin inji a ciki.

AMSA: Alhaji Allah ya yi wa yaron albarka. Warin ya fi zafin tayar min da hankali, don yana nufin akwai kafa tsakanin ɗakin inji da inda kuke zaune, kuma inda wari ya bi hayaƙi ma zai bi, wuta ma haka. Da dare ka sa fitila mai haske a ɗakin inji, yaron ya leƙa ta wurin ƙafa, duk inda haske ya ɓullo ku toshe, ƙananan da gam mai jure zafi, manyan da guntun falle da ribit, inda waya ko kebul ya ratsa kuma a sa masa zoben roba. Zafin kuwa alminiyum yana ɗaukarsa da sauri, ga bututun hayaƙin babban inji dab da akwatin ƙafa. Ku sa abin kare zafi mai ƙyalli ta ɓangaren inji, in da hali ku ƙara wani siririn falle a gabansa da tazarar yatsa ɗaya don iska ta riƙa bi, wannan tazarar ta fi kowane kauri aiki, ta ciki kuma ku shimfiɗa abin rufi a ƙarƙashin kafet.

TAMBAYA: Malam na kusa gamawa, a Birmingham nake. Akwai abin da masu gwajin IVA, wato gwajin da ake yi wa motar haɗin gida kafin a yi mata rajista, ke kamawa a kan bodi?

AMSA: Akwai ƙanena, kaifi. Gwajin nan da ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009 yana duba duk bakin da jikin mutum zai iya gogawa a waje, ƙa'idar ita ce ya zama a zagaye da aƙalla milimita 2.5, kuma ɗanyen bakin falle mai 1.2 ba zai taɓa cika wannan ba. Ka bi motar da tafin hannu, bakin bonet, ramin da salansa ta fito, inda hannayen taya suka ratsa gefe, duk wanda ba a naɗe ba ka sa masa robar baki ka manne ta da gam yadda ba za ta fita da ja ba. Ka sauke littafin gwajin daga shafin hukumar DVSA mai kula da gwajin motoci a Birtaniya ka bi shi sashe-sashe da motar a gabanka. Hotunan da ka ɗauka kana aiki ma ka tafi da su, suna nuna kai ka haɗa ta da hannunka, kuma in mai gwajin ya tambayi abin da ke bayan fallen da ka riga ka rufe, maƙalin bel ko hanyar bututun mai, sai ka nuna masa hoto maimakon ka cire ribit.